Hannun Solange Kervella

Ran Litinin gidan tarihinmu a rufe yake, amma ƙarfe bakwai Madam Solange Kervella tana ciki. Ta sha kofinta a tsaye, ta ɗauki buroshi da gwangwanin kakin zuma, ta bi gumakan tagulla tana gogewa. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Juma'ar nan za ta ajiye aiki, aka ce ni Thibault, mai zagayawa da baƙi, in rubuta mata jinjina. To, zan rubuta, amma kishinta nake yi.

Na yi digiri a kan mai sassaƙar da ya yi gumakan nan, amma doka ta hana ni taɓa aikinsa. Ita kuwa har kunnuwan gumakan take sosawa.

Wata rana wani dattijo makaho, Malam Aurèle, ya zo. Minti arba'in ina zuba masa bayani, yana hamma. Solange ta matso ta ce mini, "Farfesa, sha ruwa mana, ka bar bawan Allah ya gani." Ta sa masa safar hannu, ta ɗora yatsunsa a ƙeyar gunkin wata tsohuwa, inda babban yatsan mai sassaƙar ya bar shaida tun aikin yana yumɓu. Dattijon ya fashe da kuka. Ni ban ma san shaidar na wurin ba!

Daga nan hukuma ta ware mata Litinin don zagayawa da makafi. Suna zuwa har daga birnin Lille, sunanta suke tambaya a ƙofa.

Da aka bar mata zaɓen magajinta, na ajiye girman kai na roƙe ta ta zaɓe ni. Ta ce, "Rufe ido, kawo hannu, ka yi shiru minti goma." A minti na huɗu na fara gaya mata shekarar da aka zuba tagullar. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta miƙa aikin ga Gaspard mai gadi, wanda sai ya wuni bai ce uffan ba.

Ke ce idon waɗanda ba su da shi, Solange. Mun gode. Masu tasowa, ku koyi aikin hannu da kame baki a wurinta.

Zaɓenki daidai ne, shi ya sa har yau yake ci mini rai.