Dutsen da Ya Raba Ni da Mukullin Masallaci

Wan matata, wanda kowa ke ce wa Dokta, shi ya sa aka karɓe mukullin masallacinmu na Stratford a London daga hannuna. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe ɗakin nan duk Juma'a, ni ne shara, ni ne shimfiɗa. Laifina wai an ga hotona a maƙabartar Yahudawa ina ɗora dutse a kan kabari, wai shirka ce. Ya kwafi hoton ya sa a gurub ɗin 'yan masallaci, ya rubuta a ƙasa, "A taya shi da addu'a." Ko waya bai yi mini ba. To tunda ba a tambaye ni ba, ga yadda tafiyar ta kasance, mai so ya karanta.

Mun tashi da asuba ranar Lahadi daga Camberwell, ni da wata tsohuwa Bayahudiya da jikarta. Ni direban tasi ne. Shekara huɗu ina kai ta asibiti ita da mijinta, har ya rasu bara. Ta haura casa'in, a keken guragu take, amma bakinta garau. Asabar na so mu je, ta ce ita ranar Asabar ko wuta ba ta kunnawa balle shiga mota. Na ce mata ina za mu, sai ta ce Harwich, bakin teku, inda jirgin ruwa ya sauke ta tana 'yar shekara shida.

Mun bi ta ramin ƙarƙashin kogi muka hau babbar hanyar gabas. Hanya sumul, sai dai kyamarori kamar an shuka su. Daga an wuce Chelmsford gari ya buɗe, gonaki kore shar, tumaki manya kamar maruƙa, ba makiyayi ko ɗaya. Mun tsaya shan shayi a gidan mai, kofi ɗaya fam uku da wani abu, ruwan zafi ne kawai da ganye a jaka. Na ɗauko sanwici, tsohuwar ta fizge ta juya bayansa tana karantawa da tabarau biyu. Ta ce, "Ajiye, ɗana, akwai alade." Ta buɗe jakarta ta ba ni burodi da kifi. A shekara ashirin ɗina a ƙasar nan, ko cikin mutanena ba wanda ya taɓa duba mini abinci haka.

A hanya ta ba ni labarin, ba hawaye, kamar mai faɗin farashin tumatir. Lokacin da aka fara farautar Yahudawa a Jamus, uwarta da ubanta suka kai ta tasha, suka rataya mata kwali mai lamba a wuya, suka sa ta a jirgin ƙasa cike da yara. Uwar ta ce su ma suna nan tafe. Ba su zo ba. An kashe su, kuma har yau ba wanda ya san inda aka zuba su. A jirgin ruwa amai ya kama ta, wani yaro ɗan shekara tara da bai san ta ba ya riƙe mata kai har gari ya waye. Aka raba su gida-gida. Sai bayan shekara goma sha huɗu suka haɗu a wani shagon ɗinki a gabashin London, ya dube ta ya ce, "Ke ce kika ɓata mini takalmi." Shi ne mijin. Sun yi shekara sittin da wani abu tare. Ni da nake ganinsu a madubi, ko sau ɗaya ban ga ya saki hannunta a kujerar baya ba.

Harwich ƙaramin gari ne, iska kamar ta cire wa mutum kunne. Tsofaffi da karnuka, shagon kifi da dankali, manyan jirage can nesa. Keken ya ƙi shiga tsakuwa, sai ta aike ni: in tsinto mata duwatsu uku daga inda ruwa ke taɓawa. Na naɗe wando na shiga, sanyi ya sare ni har ƙashi. Na kawo huɗu saboda kada wani ya ƙi yi mata. Ta zaɓa kamar mai zaɓen goro, ta bar mini ɗaya. Ta daɗe tana kallon ruwan. Na koma bayan mota na yi azahar, jikar ta tsaya tana kare ni daga wani kare mai son sani.

Da la'asar muka shiga maƙabartar, a gefen London. Mai gadi yana raba wa maza 'yar ƙaramar hula, don su ba a shiga da kai a buɗe. Ya dubi hular zanna da ke kaina ya ce tawa ta fi tasu. Ba fure ko ɗaya a wurin, sai ƙananan duwatsu a kan kaburbura. Ta ce fure bushewa yake, dutse kuwa yana nan, alama ce an zo, ba a manta ba. A jikin kabarin mijin, ƙasan sunansa, an rubuta sunan uwarta da na ubanta, tunda ba su da nasu kabarin. Ta ɗora na uwar da kanta, jikar ta ɗora na uban. Na ukun ta miƙo mini. Ta ce, "Kai ka riƙa ɗaga shi daga gado zuwa mota. Ɗora masa." Na ɗora. Ban karanta komai ba, ban yi ruku'u ba. Jikar ta ɗauki hoto, ni kuma da wautata na sa a status.

Mun dawo gida bayan magariba. Abin da na koyo ba shi da yawa: akwai mutanen da aka ƙwace wa komai har kabarin iyaye, amma ba a iya ƙwace musu zumunci ba. Labaran yaƙin da ake gani a talabijin ni ma ina gani, raina kuma yana ɓaci. Amma tsohuwar nan ba ita ba ce a ciki.

Juma'ar da ta wuce na tarar da Dokta a ƙofar masallaci, mukullina a hannunsa. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ciro dutsen nan na huɗu na sa masa a tafin hannu.

Na ce, "Yaya, ga gunkin, duba shi da kyau. Matar nan shekara tamanin da wani abu tana neman inda za ta tsaya ta gaida uwarta, ba ta samu ba. Kai ka san inda Hajiya mahaifiyarka take kwance a Kano, ni na riƙe makara tare da kai. Sau biyar ka je gida tun daga ranar, ka faɗa wa jama'a sau nawa ka taka wurin. Riƙe mukullin. Amma ka riƙa zuwa da wuri, shara tana cin minti arba'in."