Lu'ulu'un da Aka Saya Don Ya Fashe

Har yau ban manta ranar da muka kai samfurin Hadiza Paris ba, a damunar bara. Ni ma'aikaciyar labo ce, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, a Lyon ta ƙasar Faransa. Sai da na yaye autana na shiga makaranta, saboda haka ɗalibai Inna suke ce mini.

Ga aikin, don wanda bai sani ba. Garin ma'adini ne, ƙwayarsa ko madubin likita ba ya ganinta. Ina zuba shi tsakanin lu'ulu'u biyu, a murɗa maɗauri a matse shi, a haska da wata babbar na'ura da ke Paris a ga ko tsarin cikinsa ya sauya. Dokar labonmu: wanda ya ɗora samfur shi ke murɗawa.

Hadiza 'yar Maraɗi ce, tana shekarar ƙarshe ta daktora, wato digiri na uku. Wuni guda aka ba ta a na'urar. In ya wuce, sai baɗi, alhali takardar izinin zamanta a Faransa ba za ta kai baɗi ba.

Muka kai matsin da manyan ƙwayoyin irin wannan ma'adini ke sauyawa. Shiru. Muka ƙara. Shiru. Na ajiye makullin murɗawa na ce na gama, lu'ulu'un ya kai iyakarsa.

Shugabar labo, Bafaranshiya, ta ce, "Ƙara, madam."

Na ce, "Ni na daidaita su da hannuna. In sun fashe wa za a tambaya?"

"Ni."

Ban motsa ba. Hadiza ta matso ta yi ƙasa da murya. "Inna, don Allah. Lu'ulu'u ana sayen wani. Ni ina za ki sayo ni?"

"Ke, rufe mini baki. Da bakinki kamar rediyo."

Na ɗauki makulli na murɗa. Layukan da ke allon na'urar suka dusashe, suka baje. Ƙwayoyin ba su koma wani tsari ba irin na manya. Tsarin ne ya rushe ɗungurungum, kamar gilashi. Hadiza ta ɗauki awonta. Ina sassautawa muka ji ƙas! Lu'ulu'un sama ya tsage gida biyu.

Ta samu babin da take nema, ta kare daktoranta. Ni na yi sati ina daidaita sabo.

Abin da na ɗauka: ni an ɗauke ni aiki in tsare kaya, su ɗalibai an kawo su su kai kaya iyaka, kuma labo na bukatar mu duka. Har yanzu ina gardama kafin murɗin ƙarshe. Sannan in murɗa.