Ɓeraye Shidan da Ba a Kashe Ba

Sarkin Ɓeraye ake ce masa a cibiyar gwajin sinadarai, kuma yana amsawa. Yana ɗan shekara goma sha tara kawunsa, mai gadin ƙofar cibiyar, ya samo masa aikin shara. Bai cika shekara ba aka lura yana da sanyin hannu, aka mai da shi ɗakunan ɓeraye. A nan ya yi shekara talatin da ɗaya.

Idan kamfani zai fito da sabon fenti, ko gam, ko maganin ƙwari, sai ya aiko da sinadarin a gwada ko yana jawo ciwon daji. A aske bayan fararen ɓeraye a shafa musu, ko a cuɗa a abincinsu, a zuba ido shekara biyu cur. Shi ke canza garin katako a keji, shi ke ɗora su a sikeli, kowace safiya kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana laluba ciki da wuya da ɗan yatsa. Ƙari ko bai kai ƙwayar wake ba, hannunsa zai riga idon likita gano shi. Duk abin da ya ji sai ya rubuta a littafi mai baƙin bango, da rana da lambar ɓeran.

Matarsa takan ce, "Kowa mijinta kashe ɓera yake, ni nawa raino yake yi." A gida ko tarko ba ya yarda a ɗana. Abin da bai taɓa gaya mata ba, idan gwaji ya ƙare, shi ke zuba su a akwati ya buɗe musu iskar da ke kashe su. A irin wannan ranar yakan daɗe a banɗaki yana wanka, ya fito ya ce ba ya jin yunwa.

Saura masa shekara biyu ya yi ritaya aka kawo wata Dakta, sa'ar 'yarsa ta fari, aka kwashe kejin ɗaki na huɗu aka jera mata kwamfutoci. Sati guda gaisuwa kawai ke haɗa su. Ita ce ta bi shi har wurin wanke kwalabe.

"Baba, fushi kake da ni?"

"Ina ni ina fushi, Dakta? An ce na'urarki na yin aikin shekara biyu kafin shayi ya huce."

Ta ja shi gaban allon, ta nuna masa wani zane kamar saƙar zuma. "Kowane sinadari da ƙirarsa, kamar makulli. Idan na zana ƙirar, kwamfuta za ta gwada ta da ta dubban sinadaran da aka san halinsu, ta kuma auna ko zai iya maƙalewa a ƙwayoyin jikin mutum ya ɓata su. Wanda ta yi shakka a kansa, shi kaɗai za a kai wa ɓerayenka."

"Wato ta fi ni sani ke nan."

"Ita da ba ta taɓa riƙe ɓera ba? Daga irin littattafanka take koyo. Su na zo roƙo."

Wata uku suka yi, yana karantowa tana shigarwa. Rubutunsa kamar tafiyar kaza, ita ba ta iya karanta shi, shi kuwa yana tuna kusan kowane keji. Har ya fara sakin jiki yana ba ta labarin ɓeran da ya iya buɗe ƙofa.

Wata Laraba ya tarar ta yi tagumi. Wani sinadari ne da ake zubawa a gam ɗin takalma. Kwamfuta ta sa masa jan layi, amma rahoton cibiyar na shekara goma sha ɗaya baya ya ce ba shi da illa.

"Dole na'urar ce ta yi kuskure," in ji ta. "Gwaji ya fi hasashe. Zan gyara mata, in koya mata cewa wannan ƙirar lafiya lau take."

Ya ce, "Idan kika koya mata haka, 'yan uwansa masu irin ƙirar fa?"

"Su ma za ta riƙa barinsu su wuce."

Ya ce zai je ya duba ruwan ɗaki na biyu. Can ya tsaya tsakanin kejuna, hannu a baya, ya fi rabin sa'a. Yana sane da gwajin sarai. Kamfanin na sauri, shugaban sashe na lokacin ya sa aka tsayar a wata na goma sha huɗu, ya ce a kashe ɓerayen a rufe fayil. Ya kashe, amma shida suka gagare shi, don shi ya raine su da sirinji bayan uwarsu ta mutu. Ya ɓoye su bayan buhunan abinci a sito. A wata na ashirin yatsansa ya ji ƙari a cikin huɗu daga ciki. Ya rubuta a ƙarshen littafi, ya rufe. Lokacin yaransa biyar na makaranta, shugaban kuwa mutum ne da ke korar ma'aikaci a kan tari.

Ya dawo da littafin, ya buɗe shafin ƙarshe ya ajiye a gabanta.

"Kada ki gyara ta, 'yata. Ba ita ta yi ƙarya ba."

Ta sa ya karanta mata sau biyu. Ba ta yabe shi ba, ba ta kuma zarge shi ba. Ta ce ɓera shida ba hujja ba ce, amma sun isa a sake gwaji, kuma dole sunansa ya shiga takardar.

"Ya shiga," ya ce.

Kwamiti ya zauna a kansa, aka ba shi takardar gargaɗi don saɓa umarni, ta farko a duk aikinsa. Tsohon shugaban ya riga ya rasu. Sabon gwajin shi ne na ƙarshe da ya riƙe. A wata na goma sha tara ƙari ya fara fitowa, shekarar da ya ajiye aiki kuma aka hana amfani da sinadarin. Zuwa lokacin ɗakuna shida na ɓeraye sun koma ɗaya.

Ranar da aka sanar, Dakta ta buga masa waya tana murna. Ya yi mata godiya, ya ajiye wayar. Sannan ya gaya wa matarsa komai, har da akwatin. Ta ce, "Da ka faɗa a lokacin, da an kore ka, kuma da ba wanda zai saurare ka."

"Wataƙila," ya ce. "Amma ban gwada ba."

Yanzu yakan fita da safe ya bi layin masu gyaran takalma, shago shago, yana ɗaga gwangwanayen gam yana duba bayansu da tabarau, don tsohon kaya bai ƙare a kasuwa ba. Wasu su ba shi kujera, wasu su ce tsoho ya rasa abin yi. Akwai wani dattijo a ƙarshen layin da ya ce shekara ashirin yana shafa gam ɗin da yatsa, ga shi garau. Sau uku yana zuwa masa. A na huɗu ya sayo sabon gwangwani da ɗan buroshi ya ajiye masa a kan benci.

Mai takalman ya juya gwangwanin, ya shinshina. "Wannan ba ya kamawa kamar wancan."

"Haka ne. Sai ka ƙara minti biyar kafin ka haɗa."

Ya ja kujera ya zauna, suka jira gam ɗin ya sha iska.