Shafuka Biyun da Wilfred Ya Yanke

Shekara arba'in Wilfred Garside ya yi yana gyaran tsofaffin littattafai kusa da cocin garinsu a arewacin Ingila, kowa na yabon hannunsa. Amma akwai aiki ɗaya da ba ya son tunawa. Yana sabon shiga aka kawo masa littafin addu'a na fata, rubutun hannu, mai shekara ɗari biyar, manyan haruffansa sun sha ruwan zinare. Shafuka biyun farko kuwa sun yi baƙi, ba ado, sai jagwalgwalon rubutu. Ya yanke su ya jefa a murhu, ya sa sabon bango.

Bana sai ga Edna Hebden, wadda danginta suka ba coci littafin, ta shigo tana dogara sanda.

"Wilfred, tsohon ɓeran takarda, mahaifiyata ta ce duk macen da ta gaji littafin nan sai ta rubuta sunanta a farko. Ina sunayen?"

Ya daɗe yana goge tabarau.

"Ni na ƙona su, Edna."

Ta ja kujera ta zauna. "Huɗu kawai na riƙe a ka. Ɗauko alƙalami."

Ya ɗauko takarda, ta faɗi sunayen huɗun, ya rubuta. Sauran takardar ta zauna fara.