Rumbun Unguwarmu

Shekarar da yayana ya dawo daga soja ina goye da ɗana na fari. Mijina yana fataucin gishiri da kanwa tsakanin Kontagora da Rijau, sai ya yi kwana goma bai kwana a gida ba, don haka yawanci a gidanmu nake wuni, tunda katanga biyu ce tsakani.

Yaya ya dawo da akwatin ƙarfe da bargo da ɗan kuɗin sallama. Mutane sukan cika zauren Baba su ji labarin yaƙi, shi kuwa ba ya son zancen yaƙi. Labarin yunwa yake bayarwa. Ya ce a wani babban birni na Indiya inda jirgin ruwansu ya tsaya, ya ga bene bisa bene, a gindin benen kuma mutane kwance a titi, mata suna bin sojoji suna roƙon ruwan da aka tace daga shinkafa. Ya ce akwai wani sojan Bature da ya faɗa masa bai taɓa sa sabon takalmi ba sai da ya shiga soja. Nan zaure ya ɗauki dariya, don ba wanda ya yarda Bature yana talauci.

Wata rana bayan baƙi sun watse, ina kawo musu fura, na ji Baba yana cewa, "To ka gani da idonka. Abin da ya gagari Turawa a garinsu ba mai raba duniya da shi. Haka muka tarar, haka za mu bari."

Yaya ya ce, "Baba, ni ban ce duniya ba. Unguwar nan gida nawa ce?"

Abin da yake nufi kowa ya san shi. Duk shekara da kaka sai an sayar da dawa da araha saboda haraji da hidimomi, in damina ta yi tsakiya kuma, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, sai gidaje da yawa su koma kwaɗon rama da tafasa. Ba mu ɗauke shi wani abu ba. Lokaci ne da yake zuwa ya wuce, wasu yara su rame, wasu su kwanta.

Abokan Yaya da suka dawo tare, wani ya sayi keke, wani ya yi aure. Shi sai ya tafi wajen garin Beri ya ɗauko Kambari biyu da suka iya ginin rumbu, suka gina masa wani ƙato a filin ƙofar gidanmu, a kan duwatsu, sai da tsani ake hawa bakinsa. Ya bi gida-gida yana bayani: kowane gida ya kawo dami biyu na dawa da kaka, a rufe, ba za a buɗe ba sai tsakiyar damina, sannan a raba gwargwadon bakin kowane gida. Wasu suka ce soja ya taɓa masa kai. Wasu suka ce so yake ya tara ya sayar. Shekarar farko gidajen da suka kawo ba su kai rabi ba, shi ya cika sauran da ragowar kuɗinsa.

Ni aka ba awo, saboda mata ba za su iya zuwa gaban maza da ƙwarya ba. Akan sauko da damman, mu sussuka a tsakar gidanmu, in zauna da mudu in auna. Shekarar nan gidajen da suka zuba ba su rasa tuwon dare ba har aka yanke gero. Da kaka ta zagayo kusan kowa ya kawo nasa. Yaya ya fara cewa talauci abu ne mai ƙarewa, shiri kawai mutane ba su yi.

Akwai wata tsohuwa Bakambara a ƙarshen unguwa, muna ce mata Inna. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza biyu sun tafi haƙar kuza ba su dawo ba, ba ta da gona. Itace take yowa ta sayar. Na lura ba ta taɓa zuwa awo ba, sai na same ta a ɗakinta tana dafa ganye ba ko gari a ciki.

Na ce, "Inna, ba ki zo awo ba."

Ta ce da irin Hausarta, "Me na zuba da zan ɗiba?"

Na faɗa wa Yaya, ya ce in kai mata mudu huɗu. Kafin la'asar ta dawo da su, ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce an gode. Ashe ta ji wani magidanci yana cewa rumbu na waɗanda suka zuba ne, ba gidan sadaka ba. Yaya ya yi kwana biyu abin yana cin sa. Ya ce da ni, "Kin ga na gina abu don matalauta, wadda ta fi kowa talauci kuma ba ta da ƙofar shiga."

Baba ne ya samo hanya, shi da bai yarda da abin ba. Ya ce tsohuwar nan ta fi kowa sanin yaɓen rumbu, a ba ta aikin. Haka aka yi. Ta riƙa yaɓe shi da kashin shanu da toka, tana sa wani ganye tsakanin damman saboda ƙwari, tana duba gindinsa kada gara ta hau. Daga nan ta riƙa zuwa awo da ƙwaryarta, takan ma yi mini faɗa in na zubar da ƙwaya.

A shekara ta huɗu ruwa ya ɗauke da wuri a ƙauyukan wajen Bangi, dawarsu ba ta yi ido ba. Tun kafin damina ta gaba ta kankama suka fara shigowa gari, yawanci mata da yara. Labarin rumbu ya kai musu. Da safe sai mu tarar da su zaune a inuwarsa, ba sa roƙo, suna zaune kawai.

Magidanta suka taru a zaure. Galibinsu suka ce kada a buɗe, lokaci bai yi ba, kuma hatsin na 'ya'yansu ne. Ba ƙarya suka faɗa ba. Yaya ya ce shi ba zai iya fitowa kullum ya tsallake mutane ba. Aka juya ga Baba.

Baba ya ce, "In ka buɗe ba zai kai ba. In ka bari kuma wasu za su mutu a ƙofata. Ku zaɓa, amma wanda ya zaɓa ya san ya zaɓa."

Yaya ya ce kowa yana iya ɗaukar daminsa biyu ya tafi. Gida uku suka ɗauka. Sauran suka bar nasu, aka buɗe.

Ban taɓa yin awo irin wannan ba. Kullum sahu yana ƙaruwa. Na fara shafe bakin mudu maimakon in yi masa tozo, daga baya na koma rabi, ban faɗa wa kowa ba. Inna tana gefena tana gani. Bai cika sati uku ba rumbu ya ƙare. Da tsakiyar damina ta zo, unguwarmu ta koma rama da tafasa kamar da. 'Yar wani maƙeri maƙwabcinmu ta kamu da gudawa, jikinta ba ƙarfi, ta rasu. Maƙerin yana cikin waɗanda suka bar daminsu. Bai zagi Yaya ba, amma bai sake zama a zaurenmu ba har ya bar duniya.

Abin da ya fi tsaya wa Yaya a rai shi ne a wannan shekarar akwai dawa a kasuwa, buhu bisa buhu, kuɗinta ne ya fi ƙarfin mutane. Ya ce haka ya gani a Indiya ma, shagunan shinkafa a buɗe, mutane kwance a gabansu.

Da kaka gidaje kaɗan suka kawo. Inna ce ta fara zuwa, da ɗan ƙullin zangarniya da ta yi kala a gonakin mutane, ta miƙa wa Yaya, ta ce a zuba nata.

Bayan shekaru, lokacin yana gadi a wani kanti, na tambaye shi ko har yanzu yana ganin talauci zai ƙare.

Ya ce, "Zai iya. Amma ba da rumbu ɗaya ba. In kin cika naki na kusa da ke babu, wajenki za a zo, kuma ba ki da ikon hanawa."

Na ce, "To da ka sani, da ka buɗe?"

Ya ce, "Da na buɗe. Amma da na fara zuwa gidan maƙeri na ba shi nasa, ko bai so ba."

Rumbun ya ƙara shekara shida ana zubawa, bai sake cika ba. Bayan Inna ta rasu ba a sami mai yaɓe irin nata ba, gara ta ci gindinsa, wata damina ya zauna. Mata suka kwashe ƙasar suka yi murhu da ita.