Sunan Ɗan Fari

Zauren gidana yana kallon titin da ke zuwa boda. Daga inda nake zama ina ganin layin manyan motoci in sun tsaya jiran kwastan, da 'yan kabu-kabu masu ratsawa ta bayan gari da jarkoki. Sana'ata zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, direbobi su ne masu saye. Saboda firji na sa sola, saboda sola kuma 'yan makaranta suka mai da zauren wurin zamansu, su yi caji, su yi bitar karatu. Ban hana su ba, amma da sharaɗi. Maza gefe, mata gefe, ana kiran magariba kowa ya kama gabansa. Duk yaron da ya fara zuwa sai na tambaye shi sunansa da gidan da ya fito. Sau ɗaya nake tambaya, ba na mantawa.

Jikata ce ta jawo su. Ɗiyar babban ɗana ce, wanda motar kaya ta faɗi da shi a hanyar Maradi, aka kawo shi gida a bayan a-kori-kura. Uwarta ta gama takaba ta koma wurin danginta can ƙetare, ta yi aure. Yarinyar ta zauna wurina saboda makaranta, don can lakwal ce ta Faransanci, in ta koma sai ta faro daga ƙasa. A shekarar da nake magana tana ajin ƙarshe a sakandare, jarrabawar fita ta matso.

Akwai wani littafi da suke ta fama da shi, tsohon wasan kwaikwayo ne da aka rubuta tun zamanin da ake yaƙi da takobi. Ni ban yi boko ba, abin da na sani a kansa daga bakinsu na tsinta, don sun yi ta maimaita shi har na iya. Gari biyu ne ke gaba da juna. Wata mata ta aiki ɗanta na fari ya kai saƙon sulhu ɗaya garin. Ya kai, aka karɓa. A hanyar dawowa masu gadin ƙofar garinsu suka hango shi da rigar da aka ba shi kyauta a can, suka ɗauka abokin gaba ne, suka harbe shi. Da aka zo aka gaya wa uwar, sai ta tambaya ko ya isar da saƙon. Aka ce ya isar. Ta juya ta shiga ɗaki. Nan littafin ya ƙare.

Sai malaminsu ya ba su fim a memori, ya ce wasu ne suka ɗauki labarin suka mai da shi na zamanin nan, su kalla su kwatanta. Wani yaro mai surutu, ɗan wani ejan mai fitar wa mutane da kaya a kan boda, shi ya zo da kwamfutar yayansa. Suka ɗora ta kan kwandon lemo bayan la'asar. Na jawo kujerata inda zan ga allon, in kuma ga fuskokinsu.

Da dariya aka fara. Garuruwan nan biyu sun zama unguwanni biyu a wani babban birni, dawaki sun zama babura, masu gadin ƙofa sun zama 'yan sintiri.

“To don me zai tahi da ƙafarshi?” in ji ɗan ejan. “Ba ga waya nan a aljihunshi ba? Ya tura saƙo mana, mu huta!”

“Babu kati,” in ji wani.

“Irinka ke nan, kullum filashin,” in ji ɗan ejan.

Akwai wani dogon yaro daga Farfaru, mai sanyin hali, da ke zaune wurin kawunsa a cikin gari. Shi damuwarsa ɗaya, jarrabawa. Yana riƙe da littafin a buɗe yana bi da yatsa, duk inda aka kauce sai ya ce, “Wannan babu shi a nan.” Suka ce ya rufa masu baki, ya je ya auri littafin.

Da aka zo ƙarshe babu mai dariya. An harbi yaron a kan babur, aka kwaso shi a bayan mota aka kawo ƙofar gida. Uwar ta fito da gudu babu ɗankwali, ta faɗa kansa a tsakiyar titi, ta rungume shi, tana kiran sunansa tana sakewa, har muryarta ta dushe. An daɗe ana nuna wannan, da kiɗa a ƙarƙashi. 'Yan matan suka yi ta sharar hanci da gefen hijabi. Ɗan ejan ya ce hayaƙin motoci ne ya shiga masa ido. Wata yarinya Bafulatana, daga wata ruga ta wajen Gangara, ta rufe fuskarta da tafin hannu. Jikata ba ta yi kuka ba. Ta zuba wa allon ido har ya yi baƙi, sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, amma yadda zan ji:

“Wannan ita ce uwa.”

Na ce su cire cajojinsu, an kusa kiran salla.

Washegari da safe muna ƙulla zoɓo a leda, ita tana zubawa ina ɗaurewa, ta ce, “Kaka, ranar da aka kawo Baba, mi kika ce?”

“Na yi innalillahi. Na ce a ɗora ruwa.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

“Maƙwabta sun yi kuka. Yaran motarshi sun yi kuka. Ke kina zaune kina ba mutane tabarma. Ko sunanshi ban taɓa ji a bakinki ba.”

“Ba kuwa za ki ji ba. Ɗan fari ne.”

“Na sani. Amma kunya ai ta mai rai ce. Wanda ya mutu, kunyar mi za ki ji mishi?”

Na ce ta lura da ledar, tana zubar da zoɓo a ƙasa.

Haka aka tashe mu. Mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Tun yana jariri uwar mijina ce ke goya shi, ni sai dai a miƙo mini shi ya sha nono a mayar. Da ya girma yana tuƙi, in ya dawo daga tafiya sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri, in sa ƙanwarsa ta kai masa tuwo. Shi bai taɓa tambayata dalili ba. Ɗiyarsa ce ta tambaya, bayan ta ga wata mata da aka biya ta yi kuka a titi.

Ba a jima ba na ji ta a waya da uwarta. Ta ce ta gaji da zaman gidan nan, tana so ta koma can. Uwar ta yi murna, uwa ce. Suka shirya da wani direba, abokin marigayin, mai jigila tsakanin nan da Maradi, zai ɗauke ta ranar kasuwa. Ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado ta fara zuba kaya.

Na ce mata, “In kika ƙetare yanzu, jarrabawar ta wuce ki. Wahalar da kika yi tun firamare ta tashi a banza.”

Ta ce ta sani.

Ban ƙara ba. Ban taɓa roƙon yaro ba, ban kuma ga abin da zai sa in fara da tsufana ba. Abin da take so in faɗa kuwa ba zai fito daga bakina ba, ko da jaka goma ta haɗa.

Ana jibi kasuwa suka sake taruwa. Malamin ya ce kowa ya rubuta wadda ta fi a ganinsa, uwar littafi ko uwar fim. Suka mayar da ƙarshen suka sake kallo. Jikata ta zauna can gefe, babu biro a hannunta, tunda ita ba za ta kai aikin ba.

“Ta littafi ai dutse ce,” in ji ɗan ejan. “A ce an kashe maka ɗa, kai kana tambayar saƙo? Ni in na mutu tsohuwata ba ta yi birgima a titi ba, wallahi sai na tashi.”

“Ka mutu tukuna mu gani,” in ji wata.

Yaron Farfaru ya ce shi dai ta littafi zai zaɓa, don daga littafi za a yi tambaya. Suka yi masa ihu.

Sai Bafulatanar ta ce, “Ni ranar nan ba kuka na yi ba. Kunya ce ta kama ni.”

“Kunyar mi?”

“Ɗan fari ne fa. Tana kiran sunanshi a titi, gaban maza, kai babu ɗankwali. Da Innata ce ke zaune nan, tashi za ta yi ta fita.”

“An zo wurin!” in ji ɗan ejan. “Fulani da kunya. Ku ko yunwa ke kashe ku sai ku ce kun ƙoshi.”

“Gara mu. Kai ko ka ƙoshi sai ka ce yunwa kake ji.”

Aka yi dariya. Ta jira suka lafa, ta ce ita ce ta fari a ɗakinsu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba. Ta ce har wata ɗiyar maƙwabta mai irin sunanta, Innar ba ta kiranta da shi, wani suna daban ta laƙaba mata. In an zo wurin sunan sai ta kewaye, kamar mai kewaye rijiya.

“Wannan tana da rai ke nan,” in ji jikata daga gefe. Shi ne farkon maganarta a ranar. “In kin mutu fa?”

“In na mutu na daina zama ta fari?”

Ɗan ejan ya ce a bar maganar mutuwa haka nan, ya miƙa hannu zai mayar da fim ɗin baya. A lokacin ne na ga yaron nan dogo ya miƙe ƙafa har ta taka wayar da ke zuwa firji. In ta cire, ƙanƙarata ce za ta narke.

Na ce, “Kai ɗan Farfaru, janye ƙafarka daga wayar nan.”

Ya janye. Amma ranar bakinsa ya buɗe, wataƙila don ihun da aka yi masa. Ya ce, “Inna, don Allah in yi tambaya? Kowa a zauren nan kina kiranshi da sunanshi. Har wannan mai bakin kamar rediyo. Ni kaɗai ne ɗan Farfaru. Ko don ni baƙauye ne?”

“To da mi ne kai?” in ji ɗan ejan. “Ɗan Abuja?”

“Ko ta manta ne. Inna, in sake faɗa miki?”

Na ce ban manta ba.

Abokansa da wani laƙabi na ƙwallo suke kiransa, don haka sunansa na yanka ba ya yawo a zauren. Ni na ji shi ranar da ya fara zuwa, da na tambaye shi. Tun ranar ya zama ɗan Farfaru.

Bafulatanar ta dube shi. Ta dubi jikata. Ta ce, a hankali, “Ke, ba sunanshi ɗaya da babanki ba?”

Jikata ajinsu ɗaya da yaron, kullum tana jin malami yana kiran sunan da safe. Ta juyo ta dube ni. Ni ina duban titi, wata tirela tana ƙoƙarin fita daga layi, yaran mota suna ta buga mata gefe.

Yaron ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, ban sani ba.”

Na ce babu abin haƙuri, ya dai riƙa lura da ƙafafunsa, Allah ya ba shi su da yawa. Na ce su tattara, rana ta yi ƙasa.

Ba mu yi maganar ba, ni da ita, a ranar ko washegari. Jakar tana nan a bakin gado. Na ga dai ta tsaya kallona lokacin da nake zuba wa yaron kunun aya a kofi, abin da na saba yi duk zuwansa, ban kuma taɓa karɓar ko sisi a hannunsa ba. Da ba ta lura ba, yanzu ta lura. Wannan ba ruwana.

Ranar kasuwa da hantsi direban ya tsaya a ƙofa ya danna oda. Na leƙa cikin gida. Tana tsugune a bakin rariya, hannu duk kumfa, tana wanke kayan makaranta. Ta tashi ta goge hannu a zane ta fita wurinsa. Ina jin ta tana cewa ya gaida Mama, ya ce mata sai an gama jarrabawa. Na ba shi zoɓo mai sanyi ya kai wa yaran gidan uwar.

Ta rubuta aikin malamin da yamma, a zaure, tare da sauran. Uwar fim ta zaɓa. Ta karanta mini da Hausa ba tare da na tambaya ba, ta ce ita in Allah ya ba ta ɗa, sunansa za ta kira tun daga nan har boda, kowa ya ji.

Na ce nata ne, ta kira.

Yaron ya gama makaranta ya koma gida noma. In ya shigo gari ranar kasuwa yakan tsaya ya gaishe ni, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Har yau ɗan Farfaru nake ce masa.