Yarinyar da ta ƙi cewa lafiya lau

"Malama, dole ne in ce lafiya lau?"

Tambayar da Rahila, ɗalibata 'yar aji biyu, ta yi mini ke nan yau da safe a makarantarmu ta Basawa. Kullum kafin karatu nakan sa yara su rufe ido su ja numfashi a hankali, sannan in tambayi kowa yadda zuciyarsa ta kwana. Ko mai hawaye shaɓe-shaɓe, amsarsa lafiya lau. Haka aka raine mu ai.

Na ce, "Ba dole ba ne, Rahila."

Ta ce, "To ni ba lafiya ba. Babana soja ne, an tura shi daji, wayarsa ba ta shiga. Mama tana shiga banɗaki ta kunna famfo ta yi kuka. Ni kuma sai in yi kamar ban ji ba, kada ta ji kunya."

Na durƙusa na riƙe hannunta, muka ja numfashi tare.

Can sai wani yaro ya ɗaga hannu. "Malama, ni ma."

Iyaye, ku gaya mini: mun koya musu amsa gaisuwa, amma wa muka nuna musu su kai wa kuka?